Tsaga Uku a Bayan Kunnen Ajuji

Ku da kuke zaune cikin shago da madubi da fanka, kuna ɗora inji bisa kan mutum idonku na kan ƙwallo a waya, ku ne kuke cewa aski ba aiki ba ne. Jiya da kunnena na ji ɗayanku yana cewa wai ko makaho aka ba inji zai yi. To madalla. Ni Wanzam Garba, shekara arba'in da 'yan kai ina riƙe da aska a ƙasar Ƙonni. Ku kashe injin nan tukuna in ba ku labarin kai guda.

Kan farko da aka ba ni in aske ba kan mutum ba ne, ɗanyen duma ne. Maigidana Sarkin Aska Bahago, Allah ya jiƙan sa, shi ya ɗora mini shi bisa gwiwa, ya ce in kankare gashin duman kada in ji masa ciwo. Da na kuskure ruwa ya tsattsafo, sai in ji fatar washi a gadon baya, tas! Ya ce, "Ka kashe mutum, Garba. Ɗauko wani." Na kashe duma ya fi a ƙirga kafin ya bari na taɓa ƙeyar jikansa.

Shekara bakwai ina saɓe da zabirarsa. Ciki akwai aska, da ƙaho, da 'yar tsaga, da almakashi, da dutsen washi, da sabulun salo naɗe cikin tsumma. Garuruwa biyar gare shi a ƙasar Illela, tamu ta nan, ba ta tsallaken iyaka ba. Babu jaririn da za a yi wa askin suna a waɗanga garuruwa sai da hannunsa. Da yake da hagu yake aiki, tsagarsa ba ta miƙewa irin ta sauran wanzamai, takan kishingiɗa gefe guda. Ko cikin taron kasuwa na ga kuncin da ya yi wa aiki, sai in ce wanga namu ne.

Shekarar da ta kusa raba ni da sana'a ba ta fari ba ce. Ita ce shekarar da likitoci suka shiga rediyo suna cewa aska guda ga kawuna da yawa tana raba cuta, ga kuma inji ya shigo daga Najeriya, kowane yaro ya buɗe rumfa. Tabarmata a bakin kasuwa ta koma wurin barcin awaki. Sai in yi kwana uku ban taɓa kan kowa ba sai nawa. Na yi fushi, na zagi rediyo, na zagi inji, na zagi wanda ya ƙera shi. Daga baya na zauna na ga likitocin nan da gaskiyarsu. Na koma sayen reza, kai guda reza guda, askata kuma in tafasa ta. Cikin haka wani gardi mai tsaron fursuna da na yi wa ɗansa kaciya ya ce mini gidan kaso na neman wanzami sau biyu a wata, kuma kowa ya ƙi. Na ce ni ban ƙi ba.

Aikin kaso da tsarinsa. A bakin ƙofa gardi zai ƙirga rezar da ka shigo da ita, in za ka fita ya sake ƙirgawa, ko rabi ya ɓata ba ka ga gida ba. Akwai benci a tsakar gidan, nan nake zama. Nakan sa a ɗumama mini ruwa, don ban taɓa zuba wa kan mutum ruwan sanyi ba. In mutum ya zauna sai na gaishe shi, na tambayi lafiyarsa, sannan in ce, "Wane iri za a yi maka?" Ranar farko gardawa suka yi ta dariya, wai ɗan kaso ake tambaya wane iri. Na ce musu kansa ne ko naku?

Da al'amura suka ɓaci a bakin iyaka, sai aka ware wani ɗaki can baya. Nan ake ajiye waɗanda ake tuhuma da taimakon 'yan ta'adda, kafin alƙali mai bincike ya ce a sake su ko a wuce da su Yamai. Wani an kama shi da jarkokin mai cikin daji, wani an ga lambarsa cikin wayar wani, wani burodi ya kai bisa babur bai san wa ya saya ba. Ban ce muku duk masu gaskiya ba ne. Ban sani ba. Alƙalin ma bai sani ba tukuna, shi ya sa yake bincike. Abin da kowa ya sani shi ne wanda motar Yamai ta ɗauka, iyalinsa su daina sa masa tuwo, don a can layin shari'a dogo ne.

Ranar da aka fara fito mini da su, wallahi sai da na ja da baya. Na ce yau ni zan sunkuya kan waɗanga mutane? Na farkon ya zauna, na ɗora reza a maƙogwaronsa, sai na ji yana rawa awa ɗan akuya cikin ruwan sama. Ashe ni ke tsoronsa, shi kuma ya ɗauka yanka shi aka kawo ni in yi. Na ce, "Haba malam, saki jikinka, ko kaza matata ke kai wa maƙwabta su yanka." Ya yi dariya, ni ma na yi, aka wuce wurin.

Akwai wani gardi matashi, Isufu, mai zafin kai, an kashe masa ɗan'uwa a bakin aiki. Shi ya tsaya kaina ya ce, "Baba Wanzam, waɗanga ba tambaya. Ƙwal-kwabo duka, har gemu."

Na ce, "Wanda ya ce in cire gemunsa zan cire. Wanda bai ce ba, ba ni taɓawa."

Ya ce umarni ne. Na naɗe zabirata na ce to ya zo ya yi da kansa. Magana ta kai ga shugaban gidan, wanda muke ce wa Shef, dattijo mai sanyin magana. Ya saurare mu, ya ce, "Isufu, nuna mini takardar da alƙali ya yanke wa gemu hukunci." Shef ya ce, "Tsaronsu aka ba mu, ba wulaƙanta su ba. Baba, koma bakin aikinka." Bayan 'yan kwanaki masu kare haƙƙin ɗan Adam suka zo duba gidan, wata mata da littafinta ta tambaye ni ko kowa na samun rezarsa. Na ce, "Hajiya, ai ni rediyo ta riga ki hora ni."

To, mutumin da nake son ba ku labarinsa, a wanga ɗaki na same shi. Dogo ne, ya haura arba'in, suma ta cika masa kai, ga shatar igiya a wuyan hannunsa ba ta gama warkewa ba. Hausarsa ta Najeriya ce, yana yi yana jefa Turanci. Ya ce sunansa Usman. Na ce wane iri, ya ce, "Baba, kwashe duka. An ce mako mai zuwa mota za ta kai mu Yamai, gara in je da kai sakayau."

Ina jiƙa masa kai yana ba ni labari. Ya ce a wani ƙauye nan ƙasar Illela aka haife shi, Tungar Kalgo. Ubansa ya rasu shekarar babbar yunwa, uwarsa ta goya shi ta tsallaka Najeriya yana ɗan shekara huɗu, can ta rasu. Ya girma yana gyaran babur. Bara ya samu ɗa namiji, matarsa ta ce wai mi za a ce wa yaron in ya tambayi garin kakansa? Shi ne ya hau mota ya zo nema. Ya kwana biyu cikin ƙauyen yana tambayar gidan Malam Abdullahi, aka nuna masa Abdullahi huɗu, babu nasa. Ya shiga zagaye yana tambayar ina tsohuwar rijiya, ina gidan mai gari, yana ɗaukar hoto da waya. Ga shi ba a yi mako da kore shanun maƙwabtansu ba. Yo mi kuke jin za a yi? Samari suka ce ɗan leƙen asiri ne, suka ɗaure shi tamau, suka kira jandarma. Jandarma suka koma suka tambaya ko an san shi, gari ya ce bai taɓa haihuwar Usman ɗan Abdullahi ba. Sun faɗi sunan uwar ma, amma maza suka tambaya, maza kuwa wa ya riƙe sunan matar wani ta shekara arba'in? Aka rubuta cewa ya yi ƙaryar asali, kuma wagga ƙarya ita ce babban abin da ke kansa.

Na ce Allah ya kyauta, na ci gaba da aikina. Irin wanga labari na sha ji. Na kwashe gaba, na kwashe tsakiya, na karkata kansa in yi bayan kunnen hagu, sai reza ta yi tuntuɓe. Na share kumfa da babban yatsa. Tsaga uku ƙanana, a kishingiɗe, da guda ta gitta su.

La ilaha illallahu! Na ce, "Kai, wa ya yi maka wanga?"

Ya ce, "Mene ne? Ni ban san da komai a nan ba."

Ina zai sani, wa ke ganin bayan kunnensa? Ku yaran yanzu ba ku san wabi ba. Macen da 'ya'yanta ke mutuwa tun suna jarirai, in ta sake haihuwa sai a yi wa ɗan wata tsaga ta daban, a sa masa sunan banza, wai don mutuwa ta raina shi ta wuce. Sauran wanzamai a fuska suke yi. Maigidana shi kaɗai ke ɓoye ta cikin gashi, yakan ce yaro ba zai girma kowa na karanta baƙin cikin uwarsa a kuncinsa ba. Kuma ga kishingiɗar nan ta hannun hagu. Ko cikin barci aka tashe ni na san hannun Bahago, balle Tungar Kalgo na cikin garuruwansa biyar.

Na ce, "Uwarka da wane suna take kiranka? Ba na yanka ba, na cikin ɗaki."

Ƙaton mutum sai ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafa. Ya ce a hankali, "Ajuji."

Na ce, "Ka gaya wa jandarma?"

Ya ce, "Haba Baba, ina ni ina faɗin wannan a gaban hukuma? Ko matata ba ta sani ba."

Kai! Na rasa dariya zan yi ko in ƙwanƙwashe shi da ƙoƙon ruwa. Na ce, "Kunya za ta kai ka Yamai, Ajuji!" Isufu na tsaye yana jinmu, har shi sai da ya juya baya yana riƙe baki.

Na je wurin Shef da kumfa a hannu. Ya ce shi ba ya sakin mutum ba ya riƙe mutum, wanga aikin alƙali ne, amma zai kai masa magana. Ya ce, "Sai dai tsaga ba ta magana, Baba. Nemo mai baki, kuma kafin mota."

Washegari ranar kasuwar Illela ce. Na hau kabu-kabu, ni da na rantse ba ni sake hawan abin nan, na nufi gidan da matar maigidana take zaune wurin ɗanta. Inna Tabawa ita ke yankan cibi a garuruwan da mijinta ke aski. Ta tsufa tukuf, haƙori biyu suka rage, amma kanta garau. Ta gama yi mini faɗan na daina zumunci, sannan na ce, "Inna, wa ta yi wabi a Tungar Kalgo kafin babbar yunwa?"

Ba ta ko yi tunani ba. Ta ce, "Hajo matar Na-Goma. Huɗu ta binne. Na biyar ni na ɗora shi bisa juji da hannuna, gwaggonsa Hasiya ta ɗauko shi."

Na ce, "Na-Goma mi ne sunansa na yanka?"

Ta ce, "Oho. Wa ya taɓa kiransa da shi? Je ka tambayi Hasiya, tana nan da ranta wajen Malbaza, can aka kai ta aure."

Na sake hawa kabu-kabu, bayana na kuka. Na iske Gwaggo Hasiya tana sussukar gero, gajeruwar tsohuwa mai faɗa, ido ɗaya ya yi hazo. Da na ambaci Ajuji sai taɓarya ta faɗi. Ta ce, "Yana raye?" Na ce yana raye, amma yana kaso, kuma ga abin da ake tuhumarsa. Ta ce, "Ɗan Abdun namu ne ɗan ta'adda? Wane ɗan banza ya ɗaure shi?" Ashe Na-Goma shi ne Abdullahin da yake nema. Ta ɗauko mayafi ko hannu ba ta wanke ba. Abu guda na yi da nake yaba wa kaina har yau, ban gaya mata na ga tsaga ba, ban ce mata ga inda take ba. Duk tsawon hanya tana tambayata kamanninsa, ina ce mata ta bari ta gani.

Buro, wato ofishin alƙali mai bincike, ɗan ƙarami ne, tebur guda da tulin takardu. Alƙalin yaro ne a idona, amma ba wawa ba ne. Ya ce kada a shigo da mutumin tukuna. Ya dubi Gwaggo ya ce, "Inna, kowa na iya zuwa ya ce ɗansa ne. Da mi za ki gane shi?"

Ta ce, "Ɗana, bayan kunnensa na hagu akwai tsaga uku da guda a gicciye. Ta tsakiya ta fi tsawo, don ni ke riƙe da shi, atishawa ta kubce mini, Bahago ya zage ni tas a gaban mutane. Je ka duba, in ba haka ba ne ka rufe ni tare da shi."

Alƙali ya dube ni. Na rantse masa ban gaya mata ba, kuma ni kaina ban lura da tsawon ta tsakiya ba. Aka shigo da Ajuji da hula a kansa, Isufu na riƙe da shi. Alƙali ya taso da kansa, ya cire hular, ya karkata kan wajen taga, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce wa magatakarda, "Rubuta."

Gwaggo ba ta jira izni ba. Ta kama kunnen ta jawo shi ƙasa, ta shafa wurin da yatsa, ta fashe da guɗa cikin buron hukuma, ayyururui! Tana guɗa tana dukan ƙirjinsa tana cewa, "Ina ka tsaya, ɗan nema? Shekara arba'in! Ka zo garin ubanka ka tambayi maza? Maza sun san wani abu ne?" Shi kuwa ya durƙusa yana kuka yana dariya. Ni ma na yi kuka, ba ni ɓoyewa, daɗi ne ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Isufu ya ce wai barkono ne ya shiga idonsa, ko ina barkono a buro.

Ba ranar aka sake shi ba, kada in yi muku ƙarya. Alƙali ya cire sunansa daga na motar Yamai, ya sa aka bincika wayarsa, aka kira mai garejin da yake aiki, aka ɗauko Inna Tabawa cikin mota ita ma ta ba da shaida. Ya ƙara kusan wata guda. Amma mota ta zo ta tafi ba da shi ba.

Ranar da ya fito, rabin Tungar Kalgo na bakin ƙofa bisa amalanke da babura. Nan aka gano wanda ya ɗaura masa igiya, ashe Idi ne, ɗan Gwaggo Hasiya na cikinta, wanda ya koma can yana noma gonar kawunsa. Taubashinsa ke nan! Gwaggo ta bi shi da takalmi tana cewa ashe ɗan banzan da take nema a cikinta ya kwanta. Idi na kare kai yana cewa, "Inna, wallahi ƙullin kirki na yi masa, na gida!" Ajuji ya rungume shi ya ce, "Bawana, igiyar nan ka adana ta, da ita za ka ja mini ruwan wanka har in koma." Mai gari ya cire hularsa ya ba shi haƙuri a gaban jama'a. Aka ɗora shi bisa amalanke, mata na guɗa, yara na bin su suna kiran Ajuji, Ajuji, shi kuma yana ɗaga hannu awa ɗan takara.

Bayan mako biyu na koma kaso aikina. Na gama da na tsakar gida, Isufu ya buɗe ɗakin baya, da kansa ya kawo mini ruwan ɗumi. Mutum shida ne a lokacin, wasu tsoffi wasu sabbin kamu. Da can sai an kira suna suke fitowa ɗaya ɗaya, suna jan ƙafa. Ran nan sai na ga duk sun fito sun yi layi, kowa ya cire hula ya riƙe a hannu.

Na farko ya zauna, mai jarkokin mai ne, Buzu. Na ce, "Wane iri za a yi maka?"

Ya ce, "Kwashe duka, Baba Wanzam. Amma ka yi a hankali, ka duba da kyau."

Na bayansa ya ce, "Ni ma. Akwai inda jaki ya taɓa kayar da ni ina yaro, uwata ta san wurin."

Suka yi dariya, ni ma na taya su. Na jiƙa kan na farko, na sa sabuwar reza, na kwashe, na karkata shi wajen haske, na bi bayan kunnen dama da yatsa, na bi na hagu, na bi ƙeya. Ban ga hannun kowa da na sani ba. Ya ɗago yana kallon bakina.

Na ce, "Ban gama ba. Sunkuya in sake dubawa."